Kodin Banki a Wayar Uwargida

Ni dillalin doya ne, ko in ce na taɓa zama, tun kafin gwiwa ta fara ba ni umarni. Manoman Kparatao ke ɗora mini doyarsu a mota, in kai Dapaong in sayar, kuɗin su kwana a asusuna na banki har in dawo Sokodé in sallami kowa. Ba takarda tsakaninmu. Sunana kaɗai suka riƙe, kuma in ya ɓaci ko saiwa ɗaya ba mai sake ba ni.

A lekol, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, amma ranar da ma'aikaciyar banki ta yi mini bayanin makulli biyu na gyaɗa kai kamar babban darakta. Ta ce na farko lambar sirri ce da ke kaina. Na biyu kodi ne da banki zai aiko a waya duk lokacin da za a fitar da kuɗi, in ba a shigar da shi da wuri ba ya mutu. A lokacin waya ɗaya ce a gidanmu na Kpangalam, tana hannun uwargida, sai na ba da lambarta. Daga baya na sayi tawa babba mai shafawa, amma kodi ya ci gaba da sauka a tata.

Nan wahalata ta fara. Matar nan tawa ba ta san gajeruwar gaisuwa ba. Ina tsaye a kasuwar Dapaong, rana na dukana, in kira ta in ce, "Karanto mini kodi."

Sai ta ce, "Malam, ina kwana? Ina gajiyar hanya? Yaya ƙafar? Ka ci abinci kuwa, ko shayin nan ne dai?"

Kafin mu kai ga lafiyar mai masaukina, kodi ya riga mu gidan gaskiya. Na sha yi mata wa'azi cewa banki bai san gaisuwa ba. Ta ce to banki ya koya. Har na yi rantsuwa a zuciyata cewa da na dawo zan mayar da kodi wayata.

Ban kai ga cika rantsuwar ba aka zare mini waya a tashar Dapaong, da hantsi, cikin turereniyar shiga mota. Da na laluba aljihu na ji wayam, sai na tuna wani mai hular sanyi da ya tsaya a kafaɗata ɗazu ina danna lambar sirri. Wato makulli na farko ya tafi, kuma kuɗin doyar mutane duk suna ciki.

Na roƙi mai shayi aron waya na kira gida. Layi a cike, tana magana da wani. Na sake kira, a cike. Ina ganin fuskokin manoman nan ɗaya bayan ɗaya, ina tsara abin da zan faɗa musu, ba wanda ya yi daɗin ji. Mai shayi ya ce, "Baba, zauna mana." Na ce zaman lafiya ya ƙare mini.

Can dai ta ɗauka.

"Kada ki ba kowa kodi!"

"Malam, ina kwana? Yaya ƙafar?"

"Hajiya, don girman Allah!"

"Ai lafiyarka nake tambaya, tunda yanzu aka ce mota ta buge ka."

Ashe mai hular ya kira ta da wayata, ya ce ina kwance a asibiti, likita ba zai taɓa ni ba sai an biya, ta karanto lambar da ta shigo yanzu. Ta ce har ta jawo mayafi za ta fito. Sai ta lura mutumin bai yi sallama ba, bai ce ta yi haƙuri ba, bakinsa kodi kawai. Ta ce, "Wanda ya tsinci mijin mutum a titi ba da lamba yake fara magana ba."

Sai ta zauna ta gaishe shi. Ta tambayi iyayensa da garinsu. Ta tambaye shi wace ƙafa ce ta karye, don ɗayar dama ba ta da kirki. Kodi ya mutu, ya sa aka aiko wani, ta ce bari ta nemo tabarau. Ta ce ya kara mini waya a kunne ko nishina ta ji, don ita muryata kaɗai take karanta wa kodi. Daga ƙarshe ya zage ta da Faransanci, ta ce ta gode, a gaida gida.

Na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa reshen banki, suka rufe hanyar tsohuwar wayar, suka duba suka ce ba abin da ya fita. Na sallami mutanen Kparatao a wannan makon, ba wanda ya san abin da ya faru.

Da na je sauya lambar sirri a Sokodé, ma'aikaciyar ta tambaya ko a mayar da kodi sabuwar wayata. Na ce a bar shi inda yake. Yanzu in zan fitar da kuɗi nakan kira tun da sauran lokaci, mu gama gaisuwa tsaf, har lafiyar awaki, sannan in danna a aiko kodi.