Mai Igiya, Mutumin da Ya Ƙi Sauya Sakamakon Rijiya

Na Allah ne mu duka, kuma komai tsawon zama gare Shi za a koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Satumba, da hantsi, ina tsaye a ɗakin gwaje-gwaje ina jera kwalaben ruwan da aka ɗebo daga kogi, sai babban ɗanka, Malam, ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, Baba ya cika." Na nemi kujera na zauna, daga baya na sanar da sauran ma'aikata.

Malam, ga waɗanda ba su san ka ba, bari in faɗa musu ko kai wane ne. Ka ƙarar da ƙuruciyarka da tsufanka a sashen binciken ruwa na ma'aikatarmu. Aikinka shi ne sanin zurfin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar wannan yanki, da yawan abin da koguna ke ɗauke da shi rani da damina, da kuma abin da ke cikin ruwan da mutane ke sha. Mutanen ƙauyuka ba su damu da sunanka ko digirinka ba. Mai Igiya suke ce maka, saboda igiyar awon da kake zurawa a rijiyoyinsu. Sunan ya bi ka har ofis, har gida, har jikokinka ma da shi suke tsokanarka.

Ranar da na fara aiki a ƙarƙashinka na zo da takardun makaranta a jaka, ina jin kaina. Ka duba su sama-sama, ka miƙo mini takalmin roba mai tsawo, ka ce, "'Yata, waɗannan ki kai wa mahaifiyarki ta adana. A nan wannan ake sawa." Kafin azahar ina tsaye a tsakiyar rafi, ruwa har gwiwa, riƙe da na'urar auna gudun ruwa. Da na karanto lamba cikin gaggawa don in fito, ba ka yi faɗa ba. Ka naɗe wandonka ka shigo ka tsaya kusa da ni, muka sake daga farko. Haka ka koyar da mu duka. Ba ka taɓa tura wani inda ƙafarka ba ta taka ba.

Lokacin da na haihu, aka fara raɗe-raɗin cewa mai goyo ba ta iya aikin daji, a mayar da ni ɗakin fayil. Kai ka hana. Ka ɗauki tafiye-tafiyen nesa a kanka, ka bar mini rijiyoyin cikin gari har na yaye. Da na zo godiya ka ce in bar godiyar, in je in wanke kwalabe. Gidanka ma bai tsira daga aikin ba. Umma, matarka, takan ce a firjin gidanku sai mutum ya karanta takardar da ke jikin kwalba kafin ya sha ruwa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar unguwar da ke bayan masana'antar narka tsofaffin batura. Wata likita daga ƙaramin asibitin unguwar ce ta zo ofishinmu, ta ce yara suna ta ciwon ciki, wasu suna jijjiga, wasu sun daina girma, kuma ta rasa dalili. Muka ɗebi ruwan rijiyoyinsu muka gwada. Gubar dalma ce, mai yawa. Ba ka tsaya a nan ba. Ka auna zurfin ruwa rijiya bayan rijiya har ka gano inda ruwan ƙasa yake gangarowa, ka bi sawunsa zuwa ramin da masana'antar ke zuba dattinta.

Kafin a rubuta komai, gida-gida ka bi kana roƙon mutane su daina sha. A wani gida wata tsohuwa ta tare bakin rijiyarta ta ce, "Kai ɗan nan, rijiyar nan ta girme ka. Da ita na yi wankan jegon uban yaran nan."

Ka durƙusa har ƙasa ka ce, "Ta girme ni, Iya, ban musa ba. Ba laifinta ba ne, cutar da ita aka yi. Amma ki dubi jikan nan naki, ki gaya mini ko haka ubansa yake yana kamarsa."

Ta dubi yaron da ke kwance a tabarma. Da hannunta ta jawo murfi ta rufe rijiyar. A ranar ka yi ta zarya tsakanin ofisoshi har aka turo wa unguwar tankar ruwa.

Da rahoton ya kai teburin daraktan wancan lokacin, ya kira ka, ni kuma ina biye da kai ɗauke da taswira. Ya ce masana'antar tana ciyar da ɗaruruwan gidaje, kuma masu ita manya ne masu faɗa a ji. Ba ya so ka yi ƙarya, in ji shi, ka dai cire sunan ramin, ka rubuta cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, in ka ba ni wani ruwan zan gwada in kawo maka wani sakamakon. Wannan dai abin da ke cikinsa ke nan." Ka sa hannu a kan rahoton yadda yake. Da kwamitin majalisa ya gayyace ka, abin da ka rubuta shi ka maimaita, ba ƙari ba ragi.

An kwashe ramin, an toshe rijiyoyin, an ja bututu zuwa unguwar. Wasu yaran sun warke. Wasu kuwa gubar ta riga ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma na san ka ci gaba da leƙa gidajensu har ƙarfinka ya ƙare. Ladan da ka samu a ofis shi ne takardar sauyin wurin aiki, zuwa wata tashar awon kogi can nesa, inda ko hanyar mota babu ta kirki. Muka taru muna ta ɓacin rai, kai kuwa kana ɗaure kayanka kana dariya. Ka ce, "Ku bar su. Sun ji haushin kifi sun jefa shi a ruwa." A can ka kafa ma'aunai a gaɓar kogin, ka koya wa masunta da manoma karanta su. Shekarar da kogin ya yi babbar ambaliya, saƙonka ya riga ruwan isa garuruwan da ke ƙasa, mutane suka kwashe yara da dabbobi kafin ya iso.

Bayan ka dawo, har ka yi ritaya, abu ɗaya ne ya hana ka sakat. Kowa yana haƙa rijiyar burtsatse a gidansa da gonarsa, ruwan ƙasa kuma yana ta ja da baya shekara bayan shekara. Ka fara haɗa taswirar da za ta nuna inda ruwan ke raguwa da inda ya kamata a dakata da haƙa. Ciwo ya kwantar da kai ba ka gama ba. Da na je duba ka a asibiti, na yi niyyar ɓoye maka cewa ana shirin rufe sashenmu, a kuma karɓe motar fita aiki. Ashe ka riga ka ji. Ka kama hannun gadon ka ɗan ɗago, ka ce, "'Yata, kada ku yarda a daina awo. In aka daina, ranar da rijiyoyin suka ƙafe kowa zai ce ƙaddara ce, alhali an ga abin yana zuwa." Umma ta ce ka kwanta ka huta, ka ce mata hutu yana gaba.

To, Malam, ga abin da ake ciki. Washegarin jana'izarka mu ɗalibanka muka zauna a ofishinka, muka raba rijiyoyin da tashoshin kogi a tsakaninmu. Na shiga wurin sabon darakta na faɗa masa a fili cewa ba mu amince a rufe sashen ba, kuma za mu kai maganar duk inda ya dace. Bai ba ni amsa ba tukuna. An karɓe motar, amma awon wannan watan bai tsaya ba. Wasu sun tafi a babur, wasu a motar haya, da kwalabe a cikin kwali a kan cinya. Taswirar za mu gama ta da yardar Allah, mu kai ta gaban hukuma, mu kuma karanta wa masu unguwanni da manoma ita da bakin da za su gane. In aka ce mu sassauta abin da muka gani, mun san amsar da za mu bayar.

Umma, kin yi haƙuri da miji wanda rabin rayuwarsa yana bakin kogi, Allah Ya ƙara miki haƙuri a wannan babban rashi. 'Ya'yansa da jikokinsa, ku sani ba ku kaɗai aka yi wa mutuwa ba, mu ma marayu ne. Ina miƙa ta'aziyyata gare ku, da 'yan'uwansa, da abokan aikinsa, da duk gidan da ya taɓa sha daga ruwan da ya tsare.

Allah Ya jiƙan ka, Malam. Allah Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa abin da ka koyar ya zama sadaka mai gudana. Mu kuma Allah Ya tsayar da ƙafafunmu a kan gaskiya, Ya kyautata namu ƙarshen. Allah Ya shayar da kai daga Alkausara, ruwan da ba ya buƙatar gwaji. Amin.