Na Je Ganin Kiwon Uwani a Bakin Teku

Daura

Ba a kira assalatu ba na gama ɗaure kayana. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce in na dawo in rubuta abin da na gano da hannuna, don 'yan ajinmu su karanta. To ga shi, ku yi haƙuri da rubutun wadda ta koya da girma.

Ga dalilin tafiyar. 'Yata Uwani, mai sunan mahaifiyar maigidana Malam, ta karanci aikin lafiyar dabbobi. Bautar ƙasa ta kai ta wani gandu da ake kula da namun ruwa da na daji a bakin teku, gaba da Legas. Da ta gama, suka ce suna so ta zauna su ɗauke ta aiki. Ta bugo wayar maƙwabcinmu tana neman izinin babanta. Lokacin kuwa ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa yana kaffa-kaffa. Majalisar ƙofar gida ta sa Malam a gaba: wai bakin teku wurin tsiraici ne, me 'ya mace take yi a can?

Malam dillalin shanu ne, ba mai yawan magana ba. Ya ce da ni, "Dije, ki je ki gano min. Idonki idona. In wurin ba na mutunci ba ne, ki taho min da uwata. Kuma kar ki rage min komai."

Da ya ji an ce kiwo take yi, ya ce ba a zuwa wurin mai kiwo hannu rabbana. Ya cika buhu da harawa, ya sa dusa, ya ɗora dunƙulen kanwa. Ƙanena Sale, da ya saba kai raguna kudu, shi ne muharramina. Muna idar da salla muka kama hanya.

Kano zuwa Mokwa

Gari ya waye mana a Kazaure, da hantsi muna Kano. A tasha aka ce mata baya, maza gaba. Yaron mota ya ɗaga buhun, ya shinshina, ya dube ni.

"Hajiya, ga abincin, ina akuyar?"

Na ce, "Ta riga mu yin gaba, ɗana."

"To Allah ya sa kar ta cinye kujerar direba kafin mu cim mata."

Muka wuce Zariya, muka yi azahar a Kaduna, na dama mana furar da na ƙunso. Daga nan shinge ya fara yawa. A wani shinge kafin Tegina ɗan sanda ya kwance buhun, ya ciro kanwar yana juya ta. Sale ya yi masa bayani, bai yarda ba, sai da ya kai ta baki ya lasa. Yadda ya yamutsa fuska ya tofar, har matan da ke gefena suka rufe baki da mayafi. Ya ɗaga mana hannu muka wuce.

A Mokwa muka kwana, ni a rumfar mata kusa da masallacin tasha. Sakwara muka ci da miyar agushi. Sauro kam ya yi walima.

Jebba zuwa Legas

Da safe muka hau gadar Jebba. Na leƙa na ga ruwa shimfiɗe, na yi salati. Da muka tsaya shan mai na tambayi Sale ko tekun ke nan muka tsallake.

Ya yi dariya. "Yaya, wannan ko butar alwalar teku bai kai ba."

Daga Ilori ƙasa ta canza, itatuwa sun haɗe kai, jikina ya fara danƙo da zufa. A Ibadan aka kawo min baƙin tuwon amala, na ci don kar in raina abincin mutane, kuma ashe da daɗi. Legas ba zan iya faɗa muku ita ba. Na dai riƙe gefen rigar Sale kamar yarinya har muka fita. Mota ta ƙarshe ta ajiye mu a bakin wani ruwa da la'asar, aka ce sai a kwale-kwale mai inji. Ni da ruwan da na sani na guga ne! Aka sa min wata riga mai kumburi da ke hana nutsewa, na runtse ido, ban daina hasbunallahu ba sai da muka taɓa yashi.

Gandun

Uwani tana tsaye tana jiranmu, da hijabinta har gwiwa da dogayen takalman roba. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta yi duhu, amma ba ta rame ba. Tare da ita akwai wani dattijon ma'aikaci Bayerabe, Baba Jimo, wanda ya yi zaman Kano yana jin Hausa sarai.

Aka kwance buhu. Uwani ta dubi harawa, ta dube ni. Baba Jimo ne ya fashe da dariya.

"Mama, dabbobinmu kaguwa suke ci da kifi! Kunkurun teku ya ga wannan sai ya ce an kawo masa katifa."

Kunya ta kama ni, amma ba a yi asara ba. Akwai gada guda biyu da aka karɓo daga hannun maharba, su suka samu harawa da dusa. Kanwa kuwa, Alhaja, tsohuwar da Uwani take zaune a gidanta, ta karɓe da murna, wai ta miyar ayoyo.

Gidan Alhaja na fara dubawa, don shi Malam zai fara tambaya. Ɗaki ɗaya, tabarma, buta, ƙofar gida da ake kullewa bayan isha. Alhaja ba ta jin Hausa, ni ba na jin Yarbanci, amma sahu ɗaya muke tsayawa.

Tekun kansa yana bayan itatuwan kwakwa. Ba shi da ɗaya gaɓar. Yana numfashi dare da rana kamar babban sa.

Ga yadda aikinsu yake. Da asuba su bi gaɓa suna neman sawun kunkuru da ta fito ta binne ƙwai. In sun samu, su tono a hankali su mayar cikin wani shinge, saboda karnuka da masu kwasa su dafa. Da hantsi a zubar da ruwan manyan kwatamai da marasa lafiyan kunkuru suke ciki, a goge da buroshi, a zuba sabon ruwan teku. A yanka kifi, a fasa kaguwa. A yayyanka gwanda da ayaba a kai wa birai, waɗanda aka ƙwato daga masu yawo da su a igiya. Uwani ce take duba ciwo, ta wanke, ta shafa magani. Kullum hannunta ƙarnin kifi, ko ta wanke da lemun tsami.

Na tsaya gaban wani ɗan biri ina yi masa wasa, na tambayi sunansa. Uwani ta ja ni gefe a hankali.

"Inna, ba shi da suna. Kar ki yi masa magana."

"Haba, Uwani. A gidanmu ko akuya tana da suna. Wane irin kiwo ne ba sabo?"

"Nan ba ma so su saba da mu. Daji za su koma. Birin da ya yarda da mutum, maharbi zai fara zuwa wurinsa."

A wurinmu gwanin kiwo shi ne wanda dabba take bi har gida. A nan kuwa sai ta tafi ba ta waiwayo ba ake cewa an yi aiki. Ban saba ba, amma na gane.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da bai yi min daɗi ba. Ran Lahadi baƙi suka zo kallo, wasu matan da 'yan guntayen kaya. Uwani ta zagaya da su tana bayani da Turanci, ba ta kula ba. Ni dai na kau da kai, na ce a raina wannan ma sai na faɗa wa Malam.

Ranar kunkurun

Ana jibi za mu taho, bayan azahar, muka ji ihu daga gaɓa. Masunta ne suka janyo taru da ƙaton kunkuru a ciki, faɗinsa ya fi faifai biyu. Igiyar tarun ta nutse cikin hannunsa na gaba, wanda yake kamar filafilin jirgi, ga ƙugiya a gefen baki. Yana dukan ruwa, maza shida sun kasa kusantarsa, kowa yana ba da umarni.

Sai na ga Uwani ta ɗaure gefen hijabinta, ta shiga ruwa har ƙugu, a tsakiyar maza. Abin da majalisa take faɗa ke nan, ga shi a gaban idona.

Ta ɗaga hannu ɗaya. Ba ta yi tsawa ba, amma kowa ya yi tsit. Ta zagaya ta bayan kunkurun, ta yi bisimilla, ta jiƙa tawul ta rufe masa ido, ta dafa wuyansa. Wallahi sai naman nan ya lafa kamar an yi masa magana. Ta nuna wa kowa inda zai kama, suka ɗauke shi a kan buhu zuwa rumfa. Wani tsohon masunci mai furfura yana zuba masa ruwa a baya duk lokacin da ta ɗaga kai. Ta yanke igiyar zare-zare, ta cire ƙugiyar, ta wanke, ta ɗinke. La'asar ta wuce kafin ta miƙe, ta je ta canza kaya ta yi salla.

Tsohon masuncin ya yi mata wata tambaya, ta amsa, suka juyo suna kallona. Na tambayi Baba Jimo me aka ce.

"Cewa ya yi, Dakta, a makaranta aka koya miki kwantar da dabba haka? Ta ce ɗinki da magani na makaranta ne. Amma tsayawa a bayan dabba, da rufe ido, da hana hayaniya, a kara, kasuwar shanu, ta gani wurin babanta, tana ƙarama tana kai masa fura."

Tsohon ya cire hula ya russuna mini. Kun san ba a yabon ɗa a gaban mutane. Na sunkuyar da kai ina gyara mayafi.

Kunkurun ya ƙi cin komai washegari. Sai safiyar da za mu taho ya kama kaguwa ɗaya ya murƙushe. Uwani ta rako mu bakin kwale-kwale.

"Inna, in haɗo kayana?"

Na ce, "Zauna tukuna. Amma ki sani komai zan faɗa masa, har shigarki ruwa."

"Ki faɗa, Inna. Abin da Baba ya ce shi zan yi."

Komowa

Hanyar da muka bi ita muka biyo, da ƙunshin busasshen kifi daga Alhaja. A Mokwa muka sake kwana. Tun daga Zariya nake jera maganar da zan yi, ina rushewa.

Mun shiga Daura ana kiran magariba. Malam yana zaure. Ya dube ni, ya dubi bayana, bai ga kowa ba sai Sale. Ya bari na ci abinci tukuna.

Na faɗa masa duka: gidan Alhaja, matan Lahadi, harawar da gada suka ci, da yadda uwarsa ta shiga ruwa har ƙugu cikin maza. Nan fuskarsa ta ɗaure. Na ci gaba da murya ɗaya har ƙarshe, har abin da ta ce da masuncin.

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ta gaba ta tunkare shi ko ta baya?"

"Ta baya."

"Kafin ta rufe idon ta taɓa shi?"

"A'a. Sai da ta rufe."

Ya gyaɗa kai. "Ya fara cin abinci?"

"Kaguwa ɗaya, ranar da na taho."

"To ba a barin dabba a tsakiyar jinya. A buga mata waya gobe, ta zauna."

Na ce, "Har ya warke, Malam?"

Ya tashi yana neman takalminsa. "Dije, ke ma kin san kafin ya warke wani zai zo."

"Majalisa fa?"

"Su zo su same ni. A cikinsu wa ya taɓa kwantar da ko ɗan maraƙi?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sale da haƙurinsa, da Alhaja da Baba Jimo da suka riƙe min 'ya kamar tasu, da Malamarmu da ta sa alƙalami a hannuna. Wanda ya karanta, ya sa Uwani a addu'a, ya haɗa da marar lafiyarta.