Wayoyi Huɗu a Ƙarƙashin Teburin Alhaji

Mahaifina ya yi shekarunsa a tashar jirgin ƙasa ta Zariya, shi ke jan ƙarfen da ke sauya wa jirgi layi. Ni kuwa gyaran wuta na koya, kuma da shi nake cin abinci tun da na zo New York, a wani dogon gini a Bronx. A ginin nan na san wani tsoho Bature da ya cika ɗakinsa da jiragen ƙasa na wasa, masu tafiya da lantarki a kan siririn layin dogo. Da hannunsa ya fara rawa sai ya riƙa kirana ina liƙa masa wayoyi da dalma. A wurinsa na koyi sarrafa mararraba, wato inda layi ɗaya ke rabuwa biyu. Ƙarƙashin kowace akwai ɗan inji mai waya uku, kana danna maɓalli sai ka ji ƙas, ya tura harshen layin hagu ko dama.

Akwai wani Alhaji ɗan Maraɗi mai shagon turare da shadda a titi na 116 a Harlem, masallaci ɗaya muke Juma'a. Wata rana ya ga hoton jiragen tsohon a wayata, ya riƙe ta ya ƙi saki.

"Injiniya, irin wannan nake so a gaban gilashin shagona," ya ce. "Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya."

Shi ya sayo jiragen da layukan, ni na ɗauki aikin don zumunci. Wata bakwai duk Asabar ina shagon. Na shimfiɗa layi a kan babban tebur, na yi tasha, na yi mararraba bakwai, na haɗa masa allo mai maɓallai da 'yan fitilu ja da kore. Wayar da na yi amfani da ita ragowar wurin aikina ce, duk ja ce, ba wata kala. Ni kaɗai na san wadda ta tafi ina, don na zana komai a wani ɗan littafi da ke aljihuna. Alhaji ya kawo dabarar jera ƙananan kwalaben turare a cikin taragai. Jirgi yana zagayawa, mutane suna tsayawa a bakin titi, wasu har su shigo su saya.

Ana cikin azumi, wata Asabar da la'asar, na shiga ƙarƙashin teburin ina gyara wayar da ta saki. An lulluɓe teburin da shadda har ƙasa, ƙafafuna kawai suka leƙo. Sai ga baƙi sun shigo, 'yan kasuwa ne masu sayar da jakunkuna a Canal Street, har da wani dattijo ɗan Kumasi da nake girmamawa. Dattijon ya tambayi Alhaji wanda ya haɗa masa wannan abu.

"Wani Bature injiniya na ɗauko daga New Jersey," in ji Alhaji. "Ai ka san irin wannan aikin ba namu ba ne. Mutanenmu ko fitila suka ɗaura maka sai ta ƙone."

"To wane ne a ƙasan nan?" in ji dattijon.

"Wani ne ke zuwa yana share mini ƙura. Ina taimaka masa."

Suka yi dariya. Ƙarfen liƙi yana hannuna da zafinsa, ban san lokacin da ya taɓa mini yatsa ba. Ban fito ba sai da suka tafi. Alhaji ya dube ni kamar ba a yi komai ba, ya ce, "Injiniya, an gama?" Na ce an gama, ranka ya daɗe.

A jirgin ƙasan da na hau zuwa gida na rasa abin da ke mini daɗi. Da na sha ruwa na faɗa wa matata, ta ce, "Malam, azumi ake. Ka bar shi da Allah, ka daina zuwa kawai." Na ce mata na ji. Amma ban bar shi ba. Mako guda ina juya maganar, ina aiki ina jin dariyar nan a kunnena. Na san Alhaji ya gayyaci mutanen nan su zo shago washegarin Sallah, shi da kansa zai tsaya a allo ya nuna musu gwaninta.

Asabar ta ƙarshe kafin Sallah na je da safe. Na ce masa kada a kunna jirgin sai ranar taro, dalma na buƙatar ta zauna. Ƙarya ce, amma bai san komai ba, ya ce to. Na shiga ƙasan teburin na cire wayoyi biyu na mararraba ta uku na kai su ta biyar, na ɗauko na ta biyar na kawo ta uku. Ta biyar ita ke kai jirgi wani guntun layi da ya ƙare a bakin tebur. Akwai ɗan katako a ƙarshensa mai tare tarago, na kwance shi na sa a aljihu. Fitilun allo kuwa na bar su yadda suke, don su riƙa nuna masa kore.

Ranar taron na sa farar rigata na je, na tsaya can baya kusa da akwatuna. Shago ya cika. Alhaji ya sha babbar riga, ya loda wa taragai shida turare mafi tsada da yake da shi, ya ƙure gudu. Jirgi ya zaga sau biyu lafiya. Sai ya ce, "Yanzu ku ga yadda zan shigar da shi tasha." Ya danna maɓalli na uku. Na ji ƙas daga wancan gefen teburin. Jirgin ya wuce tasha, ya karkata dama, ya bi guntun layin da gudu ya faɗo ƙasa da taragansa duka. Kwalabe suka farfashe a kan tayil, turare ya fantsama a rigunan mutane, wasu suka fara tari suna neman ƙofa.

Alhaji ya waiwayo yana nemana da ido. "Injiniya, zo ka duba."

Kowa ya juyo. Na ce, "Ni mai shara ne, Alhaji. In ka ba ni tsintsiya zan kwashe kwalaben. Waya kuwa sai ka kira Baturenka na New Jersey."

Dattijon ɗan Kumasi ya dubi fuskata, ya dubi takalmana, sannan ya dubi Alhaji. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ni ma na bi bayansa.

Daga baya na ji Alhaji ya nemo Bature na gaske. Mutumin ya leƙa ƙasan teburin, ya ga jajayen wayoyi sun fi a ƙirga, ba alama ba zane, ya ce sai dai a yanke duka a sake daga farko. Sau uku Alhaji yana aiko mini a ba ni haƙuri. Na ce a faɗa masa a gaban mutane ya yi maganar, a gabansu zai warware ta. Bai iya ba.

Kafin sanyi ya shigo na wuce ta titin na ga teburin a jingine a bakin hanya tare da buhunan shara, wayoyina suna reto. Aikin wata bakwai ne, na daɗe a tsaye ina kallonsa, raina ya sosu. Duk da haka ban yi nadama ba. Matata ta yi kwana biyu ba ta sakar mini fuska, ta ce na ɓata ladan azumina, kuma mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Har yau muna haɗuwa da Alhaji a masallaci. In sahu ya haɗa mu nakan ba shi hannu bayan sallama, ya karɓa yana kallon gefe, kowa ya nemi takalminsa.