Tarihin da Suka Ƙi Ɗauka

Wata rana da hantsi, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan Mama Rifkatu a Kafanchan.

Jikin motar duk tambarin wata giya ne da kowa ya sani a ƙasar nan. Ba sai na kama suna ba.

Kamfanin zai yi bikin cika shekara sittin, ya tura ma'aikatansa gari-gari suna ɗaukar tarihi. A mashayar bakin tasha aka ce musu, in dai tarihin giyar nan ne, su nemi Baba Istifanus. Tun kwalbar tana da gajeren wuya yake shan ta. Waƙar tallarta ta rediyo ma ya haddace ta tsaf.

Shi ne mijin Mama Rifkatu.

Tana duƙe tana wanke zanin gadonsa, karo na biyu tun safe, suka yi sallama. Shugabansu ya rusuna ya gaishe ta, wani kuma ya sauke katan biyu na giyar a bakin ƙofa, wai tsaraba.

Ta dubi katan ɗin. 

Shekara arba'in da ɗaya tana zaman aure da kwalbar nan. Ranar da ta haifi ɗansu na fari, a mashaya aka samo mijin. Aikinsa na jirgin ƙasa a kanta ya rasa shi. 'Yarsu Naomi ta yi aure, ba shi ya kai ta gaban fasto ba, don ya kasa tsayuwa.

Ta share hannu da zaninta, ta ce su biyo ta.

Baba Istifanus yana kwance, ciki ya kumbura kamar tulu, ido ya yi ɗorawa, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa. Likita ya riga ya ce hantar ta gama aiki.

Mai kyamara ya sauke ta a hankali.

Shugaban ya yi gyaran murya ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Mu labarin farin ciki aka aiko mu ɗauka."

Ta ce, "Ɗana, ai farin cikin ne ka gani kwance. Tarihi kuka ce kuna nema. Ka ce ya kunna abin nan, ni zan ba ku shi tun daga kwalbar farko."

Ba wanda ya kunna.

Suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ta bi su har mota, ta tsaya a kansu sai da suka kwashe katan ɗinsu.

Bayan wata biyu tallar ta fito a talabijin. Sun samo wani tsoho mai ƙoshin lafiya, an sa masa sabuwar riga, yana ɗaga kofi yana dariya.

Mama Rifkatu ta gan shi a falon maƙwabta, kwana tara da binne mijinta.

Darasi: Mai talla ba ya zuwa jinya. Kafin ka yarda da dariyar da ke kan allo, ka tambayi wadda ke wanke zanin gado. Wallahi abin nan yana ci mini rai, don a kowace unguwa akwai irin Mama Rifkatu, kuma ba mai kai mata kyamara.

Kar ka karanta ka wuce. Tura wa wanda ka san yau ma a mashaya zai yini.