Duba-gari da Bokitan Autarsa

Duk unguwar babu wanda bai san Duba-gari ba. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: shiga gida-gida, leƙa randa, bin makwarara. Mata in sun hango hularsa sai a hau shara ba shiri. Ya yi ritaya, amma hancinsa bai yi ba.

Da matarsa ta rasu, autarsa, malamar kimiyya, ta dawo da shi gidanta. Washegari da hantsi yana zagaya tsakar gida, wari ya ja shi bayan kicin. Me zai gani? Bokitai jere, cike da baƙin ruwan kwata, ga wayoyi sun fito daga cikinsu sun bi bango sun shige falo.

"Innalillahi! A gidan 'yata?"

Bai tsaya tambaya ba. Ya ɗauko maganin kashe ƙwayoyin cuta ya tuttula musu.

Da autar ta dawo daga aiki, ta tarar agogon bango ya tsaya. Ta zagaya baya, ta dawo hannu a ka.

"Baba, ka kashe min su!"

"Su wa?"

"Ƙwayoyin! Su ke cin dattin ruwan, suna fitar da 'yar wutar lantarki, waya ta kwaso. Da ita agogon nan ke tafiya."

Ya sauko da agogon, ya juya bayansa. Gurbin batir wayam, sai wayoyi biyu. Ya zauna daɓas, baki buɗe. Ashe abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana farauta, shi ya nuna masa lokacin shan maganinsa da safen nan.

"Ke, ƙazantar ce ke ba da wuta?"

"Kaɗan ce, Baba, ko fanka ba ta juyawa. Amma ruwan ma dattinsa na raguwa."

Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Da gari ya waye ya ɗauki bokiti, ya nufi babbar kwatar bayan kasuwa, ya naɗe wando ya shiga. Tela, wanda ya sha faɗansa kan shara, ya saki almakashi ya fito a guje.

"Duba-gari! Kai ne a cikin kwata? Lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Iri nake ɗiba."

Tela ya koma shago yana salati, yana cewa tsufa ya taɓa bawan Allah.

Sai da aka ɗauki makonni kafin sababbin ƙwayoyin su kama aiki. Autar ta yafe masa tuni, amma har yau in zai taɓa bokitan sai ya toshe hanci.