Kaushin Raliya Mai Gumi

Duk wanda ya taɓa kai shanshera Kura domin a turara masa ya san Raliya Mai Gumi, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke ƙarshen filin shanya, ta wajen da kanal ya yi gwiwa ya nufi Bunkure. A wani ƙauyen Bunkure aka haife ta, aure ya kawo ta Kura, mijinta Malam Datti manomin tumatir ya rasu ya bar mata yara huɗu da rabin duro biyu. Da waɗannan duro ta riƙe gida. Manomi ya kawo mata shinkafarsa da ɓawonta, ta jiƙa ta kwana, washegari ta turara a kan wutar ɓuntun shinkafa, ta baza a kan sumunti, ta yi ta juyawa har ta bushe daidai. Sai a kai inji a cashe, ta fito gumi ƙwaya-ƙwaya.

Juyin nan shi ne aikin. Shinkafar da ta fito daga duro tana tururi, sumuntin kuma da tsakar rana sai ka ce an sauke kasko. Idan aka bar ta ba juyi, ta sama ta ƙame, ta ƙasa ta yi tsami, in ta shiga inji ta fito tsaki. Ba kuma a hawa abincin mutane da takalmi. Ƙafa ake wankewa a shiga, a ja layi, a dawo, a sake ja. Mata da yawa kan yi layi kaɗan su ruga inuwa. Raliya kuwa sai ta wuni a ciki tana hira, domin tafin ƙafarta ya yi kaushi mai kauri kamar ƙirgin sa. An sha ganin ta taka garwashin ɓuntu ta wuce ba ta ko waiwaya ba. Maƙwabciyarta a filin, Kulu, takan ce mata, "Raliya, ara min takalmin nan naki in je kasuwa in dawo."

Ita kuma ta ce, "Ya yi miki yawa, sai ki cusa tsumma."

Saboda wannan ƙafa ne Alhaji Badamasi, wani babban manomi daga Garun Mallam, ba ya kai shinkafarsa wurin kowa sai wurinta. Tun yana kawowa a bayan keke har ya kai ga kawowa a mota. Aikinsa kaɗai kan cika mata kaka, kuma ganin motarsa a gefenta shi ke jawo mata sauran manoma.

'Yarta ta fari, Nafisat, ta gama jami'a da gumin nan, ta samu ɗan aikin wucin gadi a wani ofis a Kano. Raliya ba ta kiran sunanta, kamar yadda ba a kiran na ɗan fari; tun da ta gama karatu sai take ce mata Malama. A taron ƙarshen shekara na ofis ɗin aka raba kyaututtuka, Nafisat ta samu katin wuni guda na mutum biyu a wurin gyaran jiki na wani babban otal. Ba ta ko yi tunanin wata ƙawa ba. Ta taho Kura da katin a jaka.

"Inna, tun da na yi wayo ban taɓa ganin kin zauna wani ya yi miki hidima ba. Tausa ce kawai da surace. Ki zo mu je."

"Otal? Ni? In ce wa mutane ina na tafi?"

"Ɓangaren mata ne, babu namiji ko ɗaya. Yau ma ai ba ki da aiki."

Gaskiya ne. Da safen nan ta jiƙa shinkafar Alhaji Badamasi, sai gobe za a ɗora duro. Ga shi wannan ne abu na farko da yarinyar ta kawo da hannunta ta ce nata ne. Raliya ta ɗauko mayafinta na zuwa biki.

Wurin yana da sanyi da ƙamshi, ana magana ƙasa-ƙasa kamar ɗakin mara lafiya. Aka ba su fararen riguna masu igiya. A ɗakin surace, da tururi ya rufe su, Raliya ta yi dariya har da tari.

"Malama, yau ni ce shanshera. Saura a baza ni a rana."

Tausar ma ta ji daɗinta. Wata gaɓa a kafaɗarta da ta daɗe tana ciwo ta saki. Daga nan aka raba su, aka kai Nafisat wurin gyaran fuska, ita kuma aka kwantar da ita a wata doguwar kujera, aka ɗora mata yankakken gurji a ido, aka tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi mai kumfa.

Budurwar da aka haɗa ta da ita ta ɗaga ƙafar daga ruwa, ta duba tafin, sannan ta kira abokiyar aikinta. Raliya ta ji suna magana da Turanci, ta ji dariyar da ake dannewa, ta ji ƙarar ɗaukar hoto. Sai budurwar ta ce da Hausa, cikin murya mai zaƙi, "Mama, za mu gyara miki ƙafar nan, ko?"

Raliya ta ce, "To."

A kan wannan "to" ɗin komai ya rataya daga baya. Mutumin karkara idan yana gidan wani aka yi masa magana ya ce to, ba hannu ya sa a kan yarjejeniya ba, cewa yake na ji, na gode, ban zo in ba ku wahala ba. Kuma gyara a wurinta wanki ne da yanke farce, sai a shafa mai. Babu wadda ta ce mata za a cire wani abu. Babu wadda ta tambaye ta sana'arta, ko ta yi mamakin abin da ya sa ƙafar mace za ta zama haka ta nemi jin dalili. Sun ga kaushi, a wurinsu kaushi datti ne, sai suka sa masa magani ya yi laushi, suka ɗauko reza da wani ɗan inji mai ƙugi. Kaushi ba ya jin zafi, don haka ba ta ji komai ba sai ɗan ja-ja. Har barci ya so ya ɗauke ta.

Da aka cire mata gurjin ta sauko, sanyin tayil ya soke ta tun daga tafin ƙafa har ƙeya. Rabonta da jin sanyin ƙasa tun tana yarinya. Ta duba, ta ga ƙafa ja-ja-wur kamar ta jariri, ga farin abu tuli a kan tawul, budurwar tana naɗewa za ta kai kwandon shara.

Nafisat ta shigo fuska tana sheƙi. "Kai, Inna, ƙafarki ce wannan? Kamar ba taki ba."

Raliya ta dubi 'yarta, ta ga irin murnar da ke idonta, ga baƙi tsaye suna murmushi suna jiran godiya. Ta ce, "An gode. Allah ya yi albarka." Suka hau mota suka koma Kura.

Jiƙaƙƙiyar shinkafa ba ta jiran kowa. Washegari ta hura wuta, ta turara, ta baza. Da hantsi ya ɗaga ta wanke ƙafa ta shiga. Ba ta kai ƙarshen layin farko ba ta tsaya. Ƙaiƙayin shinkafar yana shiga fatar kamar allura, zafi yana tasowa daga ƙasa. Ta cije ta ci gaba. Kulu ta hango ta tana ɗingishi.

"Lafiya? Yau kuma rawa kike yi mana?"

"Ƙaya ce."

"Ƙaya ta shiga wannan ƙafar? Sai dai ƙusa."

Kafin azahar tafin ya yi bororo, bororon ya fashe. Ta naɗe da tsumma ta sake shiga, da ta ga ruwan ciwon yana ratso tsumman sai ta fito, don ba za ta ɓata wa mutane abinci ba. Ta zauna a bakin sumunti tana miƙa manjagara iyakar inda hannunta ya kai. Tsakiyar shanyar tana can tana ƙamewa.

Nafisat ta kawo mata abincin rana ta tarar da ita haka. Da ta kwance tsumman ta ga abin da ke ciki, kwanon ya suɓuce mata.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa ba? Jiya kina gani aka yi, me ya sa ba ki hana su ba?"

"Idona a rufe yake."

"Da kika gani fa?"

"In ce miki me a gaban mutane? Ki mayar da shi?"

Nafisat ta cire takalmi ta wanke ƙafa ta shiga shanyar. Ƙafar da ta saba da safa ba ta jure ba, ta fito tana hawaye, ta koma, ta sake fitowa. Kulu ta bar tata ta zo ta ja musu layi biyu, amma lokacin kaka ne, kowa na da duro a kan wuta. Haka shinkafar Alhaji Badamasi ta wuni, gefe ya sha juyi, tsakiya ba ta samu ba.

A nan bakin filin Nafisat ta kira otal ɗin. Aka haɗa ta da shugabar wurin. Matar ta saurara cikin ladabi, ta ce ta yi tambaya, ma'aikaciyarsu ta nemi izini kuma Mama ta ce to.

"Kun gaya mata abin da za ku yi?"

"Ai gyaran ƙafa kowa ya san shi, Hajiya."

"Da ƙafar take aiki. Kun kwashe mata kayan aiki kun zuba a shara. Hoton da Inna ta ce ta ji kun ɗauka kuma fa?"

Hoton, in ji matar, ƙafa ce kawai babu fuska, kuma mutane sun yaba sosai a shafinsu. Sannan ta ce don su nuna damuwarsu, Mama tana iya dawowa a sake mata gyaran kyauta, ai irin wannan ƙafar tana son a riƙa bi a kai a kai kada kaushin ya dawo.

Nafisat ta kashe wayar. Ta buɗe shafin nasu ta gani da idonta, hoton kafin gyara da na bayan gyara: ƙafar da ta ciyar da ita a hagu, ƙafar da ke naɗe da tsumma a gabanta a dama, mutane a ƙasa suna ta sa alamar dariya suna tambayar daga wane daji aka samo ta farkon. Ba ta nuna wa uwar ba.

Da aka kai shinkafar inji, fiye da rabi ta fito tsaki. Alhaji Badamasi ya zo da kansa, ya tarar da Raliya a zaure ƙafafu a kan buhu. Ya damƙo tsakin daga aljihu ya nuna mata a tafin hannu.

"Raliya, wannan aikinki ne?"

"Nawa ne, Alhaji."

"An ce otal kika je."

"Na je."

Nafisat ta fara magana daga bakin ƙofa, tana cewa laifinta ne, ita ta matsa. Raliya ta ɗaga mata hannu ba ta ko dube ta ba. "Shiga ciki, Malama. Ba da ke ake ba."

Alhaji ya jima yana kallon ƙafar. Ba mugu ba ne, amma yana da sauran buhuna a gona da masu saye suna jira. Ya zuba tsakin a ƙasa kaji suka taso.

"Sauran zan kai wa Kulu. Ke kuma sai ƙafa ta dawo."

Bai ce yaushe ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da motarsa ta fara tsayawa a gefen Kulu, ƙananan manoman ma suka bi ta can. Duro biyun suka kife a bayan gida kakar nan duka.

Ciwon ya warke, ya bar fata sabuwa mai santsi wadda ko tsakuwa ba ta iya takawa. Nafisat ta sayo mata man shafawa da takalmi mai taushi. Raliya ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye su a ƙarƙashin gado.

Yanzu kullum idan rana ta take, lokacin da kowa ke neman inuwa, takan fito ta hau gaɓar kanal ƙafa ba takalmi, ta bi turɓaya mai zafi ta nufi wajen Bunkure, ta juyo. Da farko ɗan taƙi take yi ta zauna. Kwanan nan har tana wuce gadar da shanu ke bi su ƙetare kanal. Masu ban ruwa sun daina tambayarta ko lafiya. Ranar Asabar ɗin da ta wuce Nafisat ta biyo ta da lema, tana roƙonta ta bari rana ta yi sanyi.

"In ta yi sanyi me zan samu?" in ji Raliya. Ta tsaya, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta danna diddigen da babban yatsa, ta ɗan yi tsaki. "Da saura. Koma gida, kada ki ƙone."