Hirar da Aka Ce Kada In Tsayar

Akwai wani yini a Ƙafin Maiyaki da ba na jin zai taɓa fita daga raina. Na yi hira da mutane masu yawa bayansa, wasu ko fuskarsu ba na iya tunawa yanzu, amma wannan hirar tana nan a kaina tiryan-tiryan.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun aikin jarida a Kano. Muna da wani malami da ba ya son rahoton da aka kwaso daga gidajen rediyon waje aka sake masa riga. Kullum maganarsa ita ce, duk abin da ya faru a duniya, in ka bi shi a hankali za ka samu bakin zarensa a unguwarku. Da hutun damina ya zo sai ya raba mu bibbiyu, ya ce kowa ya koma yankinsu ya nemo baƙin da ke zaune a can, ya haɗa labarinsu da abin da ake ji a labaran duniya. Ni 'yar Bebeji ce, aka haɗa ni da wani ɗan ajinmu mutumin Doguwa. Wasu suka tafi wajen 'yan Nijar masu shayi, wasu suka bi tsadar taki. Mu kuwa gwaggona da ke aure a Ƙafin Maiyaki ce ta ba mu namu. Ta ce akwai wata tsohuwa a bayan layinsu da yaƙin Sudan ya koro, ita da 'yarta da jikoki.

Bahaushiya ce, amma a Sudan aka haife ta. Kakanta ne ya bar ƙasar Kiru a ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya noma, ya yi aure, tsayuwar ta zama zama. Zumunci dai bai yanke ba, domin da yaƙi ya ci unguwarsu, wani jikan ƙanin kakan nata, manomi mai sayar da masara, shi ne ya ce su taho, ya ba su sashe a gidansa.

Mun isa da hantsi. Maigidan ya tafi gona, amma ya bar saƙo a karɓe mu. Aka yi mana shimfiɗa a rumfar da ke bakin tsakar gida, abokin aikina ya zauna daga can gefe wajen zaure. Tsohuwar ta fito tana dogara bango, doguwa, siririya, ta naɗe jikinta da wani dogon mayafi irin na matan can. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Tashi, ya binti, 'yata, zauna kusa da ni, kunnena ba shi da kyau." Hausarta na da wani irin tsufa, ga Larabci yana faɗowa a ciki ba tare da ta sani ba. Ta ce ba za a fara magana ba sai an sha gahawa. Aka kawo mata kurfoti da wata 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da ta taho da ita, ta soya gahawar da kanta, ta daka da citta, ƙamshi ya cika gidan.

Na kunna rakoda, na fara da tambayoyin da muka shirya. Yaya yaƙin ya same ku, wace hanya kuka biyo, me kuka baro. Ta amsa ba tare da kuka ba. Ta faɗi yadda suka kwana a bayan babbar mota, yadda aka ƙwace musu tabarmi da tukwane a wani shinge, yadda ƙaramar jikarta ta daina magana har suka shigo Chadi. Na tambaye ta ko akwai wanda ya rage a can. Ta ce babban ɗanta. Yana aiki a gidan burodi, ya ƙi tahowa domin surukinsa ba ya iya tafiya, kuma ya ce in kowa ya gudu wa zai yi wa mutanen unguwa burodi. Tana faɗa tana shafa wata ƙaramar waya da ke kan cinyarta.

Muna cikin haka 'yarta ta leƙo daga ɗaki ta ce, "'Yar'uwa, zo ki taya ni da wani abu." Na ajiye rakoda na bi ta. Ina shiga ta tura ƙyaure. Ba ta yi kuka ba. Ta ce yanzu wani maƙwabcinsu na can ya turo mata saƙon murya. Harsashi ya samu yayanta a hanyar dawowa daga aiki, har an yi masa sutura.

Na yi salati, na ce bari mu tattara mu tafi. Ta riƙe hannuna ta ce, "A'a, don Allah kada ki tafi. Inna na da hawan jini. Ran da ta ji rasuwar maƙwabciyarmu faɗuwa ta yi. Ni ba zan iya faɗa mata ba, kuma in ta kalli idona za ta gane. Ki riƙe min ita da hira har Baba ya dawo daga gona, ya zo da liman da mai kyamis."

Ba a koya mana wannan a aji ba. Na fito na yi wa abokin aikina raɗa a zaure, ya miƙe ya tare ɗan acaɓa, wata mata ta kwatanta masa gonar. 'Yar ta zo ta durƙusa a bayan uwar ta ce, "Inna, kawo wayar in sa miki caji." Tsohuwar ta ce ai akwai caji. 'Yar ta ce, "An kawo wuta, gara a ƙara." Tsohuwar ta miƙa mata ba tare da ta waiwaya ba. Ni kuma na koma na zauna, na ɗauki rakoda, na ce, "Inna, ina muka tsaya?"

Tambayoyin da muka shirya ba su daɗe ba suka ƙare. Na shiga ƙirƙiro wasu. Na yi niyyar in kauce wa duk abin da zai kai mu ga ɗan, sai na tambaye ta ƙuruciyarta, da yadda ake biki a can, da irin abincinsu. Amma duk hanyar da na ɗauka sai ta ɓulle wajensa. Na tambayi tuwonsu, ta ce shi ba ya cin na kowa sai nata. Na tambayi lalle, ta ba ni labarin yadda yana ƙarami ya tsoma ƙafa a kwanon lallen amarya, ya yi sati yana yawo da jar ƙafa ɗaya. Ta yi dariya har tana share ido. Ni ma na yi, don in ban yi ba za ta lura.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda kunnena ya rabu biyu. Ɗaya yana wajenta, ɗaya yana zaure. Ina jin takun matan maƙwabta suna zuwa, ina jin 'yar tana tare su tana mayar da su da ƙaramar murya. Duk babur da ya wuce sai in ce su ne. Hadari ya haɗu ta gabas, kaji suka shiga neman mafaka, ita kuwa ta sake ɗora gahawa, ta ce ta biyu ta fi ta farko daɗi. Na karɓa na sha. Ban san ɗanɗanonta ba.

Can sai ta nuna rakodar ta ce, "Wannan abin naki, in an sa a rediyo, yana kaiwa har can?" Na ce wani lokaci ana tura shi ta waya, yana iya kaiwa ko'ina. Ta gyara zama ta ce, "To matso da shi. Ɗan nan nawa ba ya jin maganata a waya, wataƙila in ya ji duniya ta ji zai ji kunya."

Na matso da shi. Ta kira sunansa, ta ce, "Uwarka ce. Muna lafiya, an karɓe mu, ba a nuna mana bare ba. Gida gini ne, ka bar shi. Ka ɗauko tsohon ko a baya ne ka taho. Babanka na nan, maigidan da ya karɓe mu, ya ce akwai gidan burodi a Tudun Wada, suna neman mai hannu. Masara ta yi kyau bana, ka zo ka ci ɗanya kafin ta bushe. Na yafe maka taurin kai, ka taho kawai." Sannan ta ce da ni, "Ya shiga?" Na duba rakodar kamar ina tabbatarwa, don kada mu haɗa ido. Na ce, "Ya shiga, Inna."

Ba a jima ba aka yi sallama a zaure. Maigidan ya shigo da laka a ƙafarsa, liman na biye, mai kyamis ya tsaya daga baya da jakarsa. Na kashe rakoda na ja gefe. Liman ya zauna ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi jiki, ya tambayi baƙunta, sannan ya fara magana a kan rai da Mai shi. Bai yi nisa ba ta ɗaga kai ta nemi 'yarta da ido. Ta gan ta tsaye a bakin ɗaki ta toshe baki da mayafi. Ta ce, "Shi ne?" Maigidan ya ce, "Sai haƙuri, Yaya." Ba ta faɗi ba. Ta yi ta maimaita Innalillahi a hankali, hannunta na lalube a kan cinyarta inda wayar take ɗazu. Mata suka shigo, mu muka fita. Ruwa ya tare mu a tasha, muka tsaya a rumfar wani mai gyaran taya.

A mota ne abokin aikina ya saurari abin da na ɗauka. Ya cire abin kunne ya ce, "Wallahi babu wanda zai kawo irin wannan a ajinmu." Ba mugun mutum ba ne, shi ne ya shiga gona cikin taɓo ya nemo maigidan. Hujjarsa ita ce, mutane sun gaji da jin an kashe mutum kaza a wuri kaza, amma duk wanda ya ji muryar nan zai san mene ne yaƙi. Kuma ita da bakinta ta ce a sa a rediyo. Maganarsa dai ba ƙarya ba ce.

Da aka koma makaranta muka kai wa malaminmu. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ta yarda a sa, amma matar da ta yarda uwar mai rai ce. Wadda ke can yanzu ba ku tambaye ta ba. Ku koma."

Muka koma da sunan gaisuwa. Tsohuwar ta rame, amma ta gane ni tun daga bakin ƙofa. Bayan addu'a na faɗa mata abin da ya kawo mu, na kuma faɗa mata cewa tun kafin gahawa ta biyu na san abin da ya faru. 'Yarta ba ta gaya mata ba ashe. Tsohuwar ta dube ni. Ta ce, "Ke ma kin sani? Ina dariya kina kallona?" Na ce e, Inna. 'Yar ta ce ita ce ta roƙe ni. Tsohuwar ta girgiza kai ta ce, "An ɗora miki kaya, ya binti. Allah ya biya ki. Amma da ni ce, da na fi so a faɗa min."

Ban kare kaina ba. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninta da 'yarta ba. Tsohuwar ta ce in kunna mata hirar. Ta saurari labarin mota da shinge da jikarta, ta ce wannan a sa, mutane su ji abin da aka yi musu. Da aka zo wajen da ta kira sunansa sai ta ɗaga hannu, na tsayar. Ta ce, "Wannan nasa ne. Ba na mutane ba ne. Tunda bai ji ba, kada kowa ya ji." Na yanke wurin na goge a gabanta, abokin aikina ya goge na wayarsa. Rahoton da muka miƙa ya yi kyau daidai gwargwado, ya samu maki irin na kowa, aka sa shi sau ɗaya a rediyon makaranta.

Yanzu ina aiki a ɗakin labarai, kullum labarin wata ƙasa mai nisa na bi ta hannuna, in gyara shi a layi biyu in wuce. Abin da wannan yinin ya koya min shi ne, kowane layi daga cikinsu yana da tsakar gidan da yake sauka, wani lokaci ma bayan layin gwaggonka ne. Ya kuma koya min cewa ɗaukar muryar mutum ba ta mayar da maganarsa taka. Aro ya ba ka, a kan abin da ya sani a lokacin. In abin da ya sani ya sauya, sai ka koma ka sake tambaya, kuma in ya ce a'a, ko da shi ne mafi kyawun abin da ka taɓa ɗauka, sai ka mayar masa da kayansa.